BAYANI: Bambance-bambancen halittar kogwannin hanci da hoton CT ke nunawa, da abin da suke nufi ga mara lafiya

Mutum ya sha fama da toshewar hanci da ciwon kai, likita ya tura shi ɗaukar hoton CT, sai a miƙo masa takardar sakamako cike da kalmomin Latin da sunayen Turawan da suka daɗe da barin duniya. Takardar ta ce shamakin hancinsa ya karkata, akwai iska a cikin wani ƙashi, ga kuma wani ɗaki da ya matsa kusa da jijiyar gani. Da yawa kan koma gida da fargabar cewa an gano musu wata muguwar cuta, wasu ma har su fara tattalin kuɗin tiyata.

Akasarin waɗannan abubuwa ba cuta ba ne. Bambancin halitta ne, kamar yadda wani yake da wushirya wani ba shi da ita. Sai dai kuma ba a rubuta su a banza ba. Kaɗan daga cikinsu na iya ƙuntata hanyar fitar majina, wasu kuwa gargaɗi ne ga likitan tiyata game da inda kuskuren milimita biyu zai iya jawo makanta ko yoyon ruwan ƙwaƙwalwa.

Mene ne kogwannin hanci?

A cikin ƙasusuwan fuska da ƙasan ƙwaryar kai akwai ramuka cike da iska, waɗanda likitoci ke kira sainos. Kashi huɗu ne, kowanne da na dama da na hagu. Kogon kunci shi ne mafi girma, yana ƙarƙashin ido, saman turamen haƙora, kuma a jikin baligi yana ɗaukar kimanin mililita 15. Kogon goshi yana saman gira. Tsakanin idanu biyu akwai tarin ƙananan ɗakuna masu kama da saƙar zuma, su ne kogwannin etimoid. Can ciki kuma, a bayan hanci, kusan a tsakiyar kai, akwai kogon sifinoid.

Kowane kogo a shimfiɗe yake da tantani mai fitar da majina, kuma a kan tantanin akwai 'yan gasu ƙanana da ido ba ya gani, waɗanda ke tura majinar zuwa ƙofar kogon dare da rana. Ƙofar kogon kunci tana can sama kusa da rufinsa, saboda haka majinar hawa take yi kafin ta fita. Kogon kunci da na goshi da ɗakunan gaba na etimoid duk suna zubarwa ne a wani ɗan lungu guda a bangon hanci. Idan lungun nan ya toshe, kogwanni uku ne za su shiga matsala a lokaci ɗaya. Wannan ne ya sa likitan hoto yake fara duba shi kafin komai.

Ba a haifar ɗan Adam da kogwannin a kammale. Na kunci da na etimoid suna nan tun haihuwa, amma ƙanana ƙwarai. Na sifinoid yakan fara buɗewa ne wajen shekara uku, na goshi kuwa ba a cika ganinsa a hoto ba sai yaro ya kai shekara shida ko bakwai, kuma yana ci gaba da faɗaɗa har bayan balaga. Iska tana cin ƙashi ne sannu a hankali, kuma ba ta bin tafarki ɗaya a jikin kowa. A nan ne bambance-bambancen suka samo asali.

Daga teburin fiɗa zuwa na'urar CT

Sanin waɗannan bambance-bambance ya girmi na'urar hoto. Likitan Ingila Nathaniel Highmore ya yi bayanin kogon kunci a 1651, har yau kuma wasu littattafai da sunansa suke kiran kogon. Emil Zuckerkandl na birnin Biyana ya wallafa babban aikinsa kan halittar hanci da kogwanninsa a 1882, bayan nazarin gawarwaki masu yawa. Amma duk wannan ilimi ne na matattu. Ba a iya sanin yadda kogon mai rai yake ba sai an buɗe shi.

Hoton eksire, wanda Wilhelm Röntgen ya gano a 1895, ya taimaka, sai dai yana jibga inuwar ƙasusuwa ne a kan juna, ta yadda ƙananan ɗakunan etimoid ba sa fitowa sosai. Al'amura sun sauya bayan Godfrey Hounsfield ya ƙera na'urar CT, wadda aka fara ɗaukar mara lafiya da ita a Landan a 1971. Na'urar tana nuna kai yanki-yanki, kuma na'urorin yanzu na iya yin yankin da kaurinsa bai kai milimita ɗaya ba.

A daidai wannan zamani Walter Messerklinger da ɗalibinsa Heinz Stammberger a birnin Graz na ƙasar Ostiriya suna nazarin tafiyar majina da siririn madubin leƙa hanci. Sun nuna cewa buɗe lungun da ya toshe sau da yawa ya wadatar, ba sai an kankare kogon baki ɗaya ba. David Kennedy ya yaɗa wannan salon tiyata a Amurka daga 1985. Tun da tiyatar ta koma ta cikin kafar hanci, a wuri matsattse da ido da ƙwaƙwalwa suka kewaye, hoton CT ya zama taswirar da ba a shiga sai da ita.

Bambance-bambancen da ke kan hanyar majina

Wanda aka fi yawan gani shi ne karkatar shamakin hanci, wato katangar guringuntsi da ƙashi da ta raba kafofin hanci biyu. Ba kasafai ake samun baligin da shamakinsa yake a miƙe sak ba. Wani an haife shi da karkatar, wani buguwa ce ta yarinta da ya daɗe da mantawa. A wasu kuma akan ga wani ɗan tsinin ƙashi ya fito daga shamakin ya nufi bangon hanci. Karkatar tana zama abin dubawa ne kawai idan ta hana numfashi ta kafa ɗaya, ko tana jawo haɓo a kai a kai, ko kuma ta tare wa likitan tiyata hanya.

A bangon kowace kafar hanci akwai naɗaɗɗun ƙasusuwa uku, ɗaya bisa ɗaya, masu ɗumama iska da jiƙa ta kafin ta isa huhu. Na tsakiyar yakan kasance siririn faranti, amma a jikin mutane da yawa iska ta shige shi ya kumbura kamar balan-balan. Wannan shi ne abin da takardar sakamako ke kira konka bulosa. Alƙaluman yawansa sun sha bamban daga bincike zuwa bincike, gwargwadon yadda masu binciken suka ayyana shi, amma da yawa sun same shi a kusan mutum ɗaya cikin uku. Idan yana gefe ɗaya, sau da yawa akan tarar shamakin ya karkata zuwa ɗaya gefen. Wani lokaci kuma ƙashin na tsakiya ba ya ɗauke da iska, sai dai ya lanƙwasa ta baibai, bayansa ya fuskanci bangon hanci maimakon shamaki.

Ɗakunan etimoid ma ba sa tsayawa a iyakarsu. Wanda ya fi kusa da gaba, agar nasi, ana samunsa a jikin mafi yawan mutane, har ana iya cewa rashinsa ne abin mamaki. Yana zaune ne a bakin hanyar da kogon goshi ke zubarwa, don haka idan ya yi girma, ko wasu ɗakuna suka hau kansa suka kutsa cikin kogon goshi, hanyar takan ƙuntata. Akwai kuma ɗakin da ke saukowa ƙarƙashin gurbin ido, daf da ƙofar kogon kunci, wanda ake kira ɗakin Haller, da sunan masanin halittar jiki ɗan ƙasar Suwizalan na ƙarni na 18, Albrecht von Haller.

Wani siririn ƙashi mai siffar lauje yana kare ƙofar kogon kunci, kuma shi ne abin da ake fara cirewa a tiyatar. Inda kansa na sama ya maƙale ya bambanta: wani a bangon gurbin ido, wani a rufin hanci, wani a jikin naɗaɗɗen ƙashi na tsakiya. Wurin maƙalewar shi ke tantance ta inda majinar kogon goshi za ta bi. Wasu mutane kuma suna da ƙofa ta biyu a bangon kogon kunci. Majina na iya fita ta ƙofar asali ta sake komawa ta wannan, ta yi ta kewaye ba ta ƙarewa.

Shin su ne ke haddasa ciwon?

A shekarun farko na tiyatar madubi, an ɗauka cewa duk abin da ya ƙuntata lungun nan to shi ne tushen ciwo. Bincike na baya ya rage ƙarfin wannan zato. Misali, nazarin da Stallman da abokan aikinsa suka wallafa a 2004, bayan duba hotunan mutane kusan dubu, ya tabbatar da alaƙa tsakanin konka bulosa da karkatar shamaki, amma bai sami ƙarin ciwon kogwanni a wurin masu shi ba. Wasu nazarce-nazarcen sun sami alaƙa a wasu lokuta, musamman idan bambancin babba ne kuma ciwon ya tsaya a gefen da yake. Matsayar da galibin ƙwararru suke a kai yanzu ita ce, ciwon kogwanni mai daɗewa cuta ce ta kumburin tantani, wadda borin jiki, asma, hayaƙin taba, ƙura da ƙwayoyin cuta ke da hannu a cikinta, siffar ƙashi kuwa tana iya ƙara tsananta shi ne kawai a wasu mutane.

Ko kumburin tantanin da ake gani a hoto ba kullum yake nufin cuta mai buƙatar magani ba. A 1994 Jack Gwaltney da abokan aikinsa a Amurka sun ɗauki hoton CT na mutane 31 masu murar yau da kullum. Kashi 87 cikin ɗari sun nuna canji a kogon kunci, kuma a mafi yawan waɗanda aka sake ɗauka bayan mako biyu canjin ya washe ba tare da sun sha maganin kashe ƙwayoyin cuta ba. Darasin a fili yake: hoton da aka ɗauka a tsakiyar mura zai iya nuna abin da ba zai kai wata guda ba. Wannan ya shafi yankunan da hunturu ke kaɗawa, inda ƙura da bushewar iska ke sa hanci kumbura na tsawon makonni daga Nuwamba zuwa Fabrairu.

Saboda haka ƙa'idojin aikin likita ba su yarda a yanke hukunci da hoto kaɗai ba. Ana cewa mutum yana da ciwon kogwanni mai daɗewa ne idan ya shafe mako 12 ko fiye da alamomi irin su toshewar hanci, zubar majina ta gaba ko ta maƙogwaro, nauyin fuska da raguwar jin ƙamshi, sannan madubi ko hoto ya gaskata hakan. Ma'aunin Lund da Mackay na 1993, wanda ake auna tsananin ciwon da shi daga 0 zuwa 24, cikar kogwanni da toshewar lungun yake ƙirgawa, ba ya ba bambancin halitta maki ko ɗaya. Haka nan, yawancin masu ciwon kai da ke ɗora laifi a kan sainos, idan aka bincika sai a tarar ciwon ɓarin kai ne, wanda tiyatar hanci ba ta warkarwa.

Wuraren da haɗari yake

Akwai rukuni na biyu na bambance-bambance da ba sa damun mai su ko kaɗan, har ranar da za a shiga hancinsa da kayan aiki.

Na farko shi ne zurfin rufin hanci. A tsakiyar rufin akwai wani kwari da jijiyoyin jin ƙamshi ke ratsawa, kuma bangon gefensa yana cikin ƙasusuwa mafi siranta a ƙasan ƙwaryar kai. A 1962 Keros ya kasa zurfin kwarin gida uku: na farko milimita 1 zuwa 3, na biyu 4 zuwa 7, na uku 8 zuwa 16. Na biyun ne ya fi yawa. Iya zurfin kwarin, iya tsawon siririn bangon da ke fuskantar kayan tiyata. Idan ya fashe, ruwan ƙwaƙwalwa zai riƙa ɗiga ta hanci, kuma ƙofa ta buɗe ke nan ga sanƙarau. Ba lallai ne dama da hagu su yi daidai ba, don haka kowane gefe ana auna shi daban.

Na biyu shi ne bangon da ya raba etimoid da gurbin ido, wanda sunansa na Latin ma yana nufin faranti mai kaurin takarda. A wasu mutane yana da giɓi, ko daga haihuwa ko daga tsohuwar buguwa, har kitsen gurbin ido ya leƙo cikin hanci. Wanda bai duba hoto ba zai iya ɗaukar kitsen a matsayin tsiron hanci ya ja shi, a bayan kitsen kuwa tsokar da ke juya ido ce.

Na uku wata 'yar jijiyar jini ce da ke ratsa rufin etimoid daga gurbin ido. Galibi a cikin ƙashi take kwance, amma idan iska ta ci ƙashin da ke samanta sai ta kasance a rataye. In aka yanke ta, tana iya janyewa cikin gurbin ido ta ci gaba da zubar da jini a can, matsin ya danne jijiyar gani, kuma idan ba a sassauta shi cikin gaggawa ba gani na iya tafiya.

Na huɗu shi ne ɗakin Onodi, mai sunan likitan maƙogwaro ɗan ƙasar Hungari, Adolf Ónodi, wanda ya yi nazarin kusancin kogwanni da jijiyar gani a farkon ƙarni na 20. Ɗaki ne na etimoid na can baya da ya zarce ya hau saman kogon sifinoid ko gefensa, har jijiyar gani ta bi ta jikin bangonsa. Likitan da ya zaci ya riga ya shiga sifinoid alhali yana cikin ɗakin Onodi yana aiki ne daf da jijiyar bai sani ba.

Na biyar shi ne kogon sifinoid kansa. Babbar jijiyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa da jijiyar gani duk ta jikin bangonsa suke wucewa. Idan kogon ya faɗaɗa sosai, sukan turo cikinsa, wani lokaci ma ba tare da cikakken ƙashi ya rufe su ba. Katangar da ta raba sifinoid na dama da na hagu ba ta cika tsayawa a tsakiya ba, kuma tana iya ƙarewa a kan rufin babbar jijiyar jinin, ta yadda murɗa ta da ƙarfi zai iya yaga jijiyar. Girman kogon yana da muhimmanci ga likitocin ƙwaƙwalwa ma, domin ta cikinsa suke bi su ciro ƙari daga ƙullin fitutari. A mafi yawan manya iska ta kai har ƙarƙashin ƙullin, hanya a buɗe take. A 'yan kaɗan kuwa kogon bai buɗe ba, sai an huda ƙashi mai kauri.

Kogon da ya ƙanƙance, da wanda babu shi

Wasu mutane kogon kuncinsu bai girma ba. A hoton eksire irin wannan kogo yakan fito fari, kamar wanda ya cika da majina, kuma hakan na iya sa a yi ta ba mutum magani a kan ciwon da ba shi da shi. Hoton CT ne ke bambance su. Irin wannan kogo yana da nasa haɗarin, domin ƙashin nan mai siffar lauje yakan manne da bangon gurbin ido.

Likitocin haƙori ma suna da ruwa da tsaki a nan. Saiwoyin turamen sama na iya kutsawa cikin kogon kunci, ta yadda ruɓewar haƙori za ta haifar da ciwon kogo a gefe ɗaya, sau da yawa da majina mai wari, ko kuma cire haƙorin ya bar rami tsakanin baki da kogo. Akwai kuma ƙananan katangu a daɓen kogon, waɗanda Arthur Underwood ya yi bayaninsu a Landan a 1910, kuma masu dasa haƙori na duba su kafin su fara aiki.

Kogon goshi ne ya fi kowanne sauya kama. Wani nasa ya bazu har saman goshi, wani gefe ɗaya kawai yake da shi, wasu 'yan kaɗan kuma ba su da shi sam, kuma suna rayuwarsu lafiya lau. Siffarsa ta keɓanta ga mai ita har tagwaye masu kama ɗaya ma nasu ya bambanta. Tun shekarun 1920 masu binciken gawa ke kwatanta tsohon hoton kai da na gawar da ba a gane ba domin tabbatar da ko wane ne.

Abin da ya kamata mai riƙe da sakamako ya sani

Takardar sakamako bayanin abin da likitan hoto ya gani ce, kuma aikinsa ne ya rubuta komai, har da abin da ba ya cutarwa. Wanda zai haɗa ta da koken mara lafiya da abin da madubi ya nuna shi ne likitan kunne, hanci da maƙogwaro. A Najeriya ana samun irin waɗannan likitoci a asibitocin koyarwa, da kuma Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna. Tambayar da ta dace a yi wa likita ita ce ko abin da aka gani yana gefen da ciwon yake, kuma ko ya isa ya bayyana alamomin.

Maganin farko na ciwon kogwanni mai daɗewa shi ne wanke hanci da ruwan gishiri mai tsabta da feshin rage kumburi na tsawon makonni. Sai wannan ya gaza ake batun tiyata. Hoton CT yana amfani da tururin haske mai ratsa jiki, yana kuma cin kuɗi, saboda haka ba a yin sa don murar kwana biyar, kuma ana ƙara taka-tsantsan da yara da masu juna biyu. Duk wanda aka ɗauka ya adana faifan ko fim ɗin tare da takardar, domin likitan tiyata hotunan yake buƙatar gani da idonsa, kuma adana su na iya hana a sake ɗaukar wani.

Akwai alamomin da ba a jira da su: kumburin fatar ido ko turowar ido, ganin abu biyu-biyu, raguwar gani, matsanancin ciwon kai da sanƙarewar wuya, ruwa garau mai ɗiga ta kafar hanci ɗaya musamman bayan buguwa ko tiyata, da toshewar gefe ɗaya mai haɗe da jini wadda ta ƙi tafiya. Mai ɗaya daga cikin waɗannan ya nufi asibiti a ranar, ko da takardar da ke hannunsa ta ce bambancin halitta kawai aka gani.